Ba Aljanu Ba Ne

Shafi na 27

Barkanmu da Sallah. Masu cika min waya da saƙo wai na bar Jannatu a tsaye, ku yi haƙuri, ni ma gaban kasko na wuni, hannu duk mai na ɗauki wayar nan. Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke: Jannatu ta dawo gidan mahaifinta Malam Kailani a Tudun Wada bayan doguwar jinya a asibiti, inda aka raba ta da shan kodin. A kan shan ne aurenta ya mutu, 'yarta Hanan kuma ta koma hannun Gwaggo Talatu, yayar Malam, a Gyallesu. Wannan ce Sallarta ta farko da hankalinta a jikinta.

*

Washegarin Babbar Sallah tun da hantsi hayaƙi ya cika tsakar gida. Matan dangi sun baje a tabarmi, wasu na yanka, wasu na wanke kai da ƙafa. Ishatu, ƙanwar Jannatu mai koyarwa a Islamiyya, tana gefe tana dakan yaji.

Jannatu ce a gaban kasko. Gumi har cikin idonta, amma ko kaɗan ba ta ji a jikinta ba, saboda Hanan na zaune kusa da ƙafarta tana gwaguyar hanta.

"Umma, yau a nan zan kwana?"

Jannatu ta saci kallon Gwaggo.

Gwaggo ba ta ko ɗago daga naman da take yanka ba ta ce,

"Kwanan lafiya? Barka da Sallah na kawo ki. Ana la'asar mu hau Keke mu koma."

Yarinyar ta turo baki. Jannatu ta tsamo wata tsoka ta hura mata. Ta san ba ta da bakin magana. A gaban wannan murhun ta kife bara, haɓar zanenta ta kama da wuta, Hanan na tsaye tana ihu.

Wata dattijuwa cikin dangi ta ƙare mata kallo ta ce,

"Kai, jiki ya yi kyau Jannatu. Har kin yi ƙiba. Allah Ya ƙara raba mu da sharrin mutanen ɓoye."

"Amin," in ji Gwaggo da sauri. "Ai mun sha fama. Sai da aka kai ta can ƙauye wajen masu ruƙiyya suka sake ta."

Jannatu ta sunkuyar da kai tana juya nama. Abin da aka gaya wa duniya ke nan. Aljanu. Daga ita sai Baba da Gwaggo da Ishatu suka san inda ta kwanta.

Sallamar da aka rangaɗa daga bakin zaure ce ta sa matsamin ya kusa suɓuce mata.

Ko a mafarki ta san wannan muryar.

Siddiƙa ce. Ta sha leshi mai ruwan goro, baƙin gilashi ya rufe rabin fuskarta, turarenta ya danne ƙamshin suya. Ita ce ta fara miƙa wa Jannatu kofi a wani gidan biki, ta ce sha ki ji yadda damuwa ke gudu.

"Ƙawas! Ashe kina duniya? Ko a neme mu?"

Ta durƙusa ta gaida manya cikin ladabi kamar gaske, sannan ta kamo hannun Jannatu.

"Zo mu gaisa a ɗaki, hayaƙin nan zai ɓata min kwalliya."

Idon mutane ya sa Jannatu ta kasa fizgewa. Ta miƙa wa wata matsamin, ta bi ta.

Suna shiga Siddiƙa ta tura ƙofa da ƙafa, ta cire gilashin. Idanunta sun yi ja, sun ƙanƙance.

"Me ya kawo ki?" in ji Jannatu.

"Au, haka ake tarbar baƙo ranar Sallah?"

"Na goge lambarki. Na aika a gaya miki kar ki sake zuwa inda nake."

"Saƙo ya iso." Ta zauna bakin gado ta buɗe jaka. "Ni kuwa ban iya cin Sallah ban tuna da ke ba. Ga naki goron."

Robar lemo ce ta ajiye a kan katifa. Wanda bai sani ba zai ce lemo ne kawai. Jannatu ta sani. Kalarsa ta fi duhu, kuma da aka ajiye shi bai yi kumfa ba, sai ya kwanta luf a jikin robar.

Nan take yawu ya tsinke mata.

"Ɗauke abin nan."

"Haɗin da kike so ne. Ban rage komai ba."

"Na ce ki ɗauke!"

"Rage murya mana, kina so tsofaffin can su ji?" Siddiƙa ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Dube ki don Allah. Tun asuba kina bauta gaban wuta, kowa na miki kallon mai taɓin iska, 'yarki ma aro aka ba ki zuwa la'asar. In sun tafi fa? Ki zauna ki ƙirga silin? Kurɓa ɗaya ce Jannatu. Sallah ce. Gobe ki koma tubanki, wa ya sani?"

Ta miƙe ta mayar da gilashinta.

"Bari in je in ci nama. Na bar ku ku gaisa."

Ta fita, ta ja ƙofar.

Ɗakin ya yi tsit.

Jannatu ta ja da baya har ta jingina da bango. Wata doguwar hamma ta kufce mata, hancinta ya soma yoyo, ƙasusuwanta suka ɗauki irin ciwon nan da ta zaci ta bar shi a gadon asibiti.

Ba ta san lokacin da ta isa bakin gadon ba. Sai ganin robar ta yi a hannunta, murfin a ɗaya hannun.

Ƙamshin ya daki hancinta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Daga tsakar gida ta jiyo muryar Hanan tana tambayar ina Ummanta.

Ta mayar da murfin da ƙyar. Ta laluɓo waya a ƙugunta ta danna lambar Sista Nwanneka, ma'aikaciyar jinyar da ta riƙe ta a asibiti, haifaffiyar Sabon Gari da Hausa ta zauna a bakinta.

Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Hajiya Jannatu! Ina naman Sallata?"

"Sista..." Muryarta ta karye. "Yana hannuna. An kawo min har ɗaki. Na buɗe."

Dariyar Sista ta ɗauke.

"Kin sha?"

"A'a."

"To ba abin da ya faru. Ki ji ni da kyau. Ke kaɗai ce a ɗakin?"

"Eh."

"Fita."

"Gidan cike yake da mutane, Sista. Ba wanda ya sani. In ɓoye shi ƙarƙashin gado, anjima in zubar..."

"Ni da ke mun san ba zubarwa za ki yi ba. In ya kwana a ɗakin nan, a cikinki zai kwana. Me na sha gaya miki? Wannan abin a ɓoye yake da ƙarfi. Jikinki zai yi ta ihu yanzu, anjima ya gaji ya yi shiru, amma ba a ɗaki ke kaɗai za ki jira shi ba. Tashi ki fita da shi inda idanu suke."

"Za su ƙwace min Hanan gaba ɗaya."

"In kin sha ne za ki rasa ta. Tashi. Kar ki kashe wayar sai na ji kin buɗe ƙofa."

Jannatu ta share fuska da gefen mayafi. Ta yi bisimilla. Ta murɗa ƙofar.

Rana ta haske mata ido. Tana tsaye bakin ɗaki, robar a hannunta a fili, ba ta ko rufe ta da mayafi ba.

Gwaggo ce ta fara gani.

Wuƙar hannunta ta faɗi cikin daro. Ita ma ta san kalar, don ita ta kwashe irinsu cike da buhu daga ɗakin auren Jannatu.

"La'ilaha illallahu! Jannatu? Yau ɗin ma? Yau?"

Ta yi wuf ta fizgo Hanan ta tura ta bayanta. Mata suka tsaya da aiki. Can gefe Siddiƙa na zaune da faranti a cinya, tsoka ta tsaya mata a hannu.

"Lafiya Talatu? Me ya faru?" in ji dattijuwar nan.

Gwaggo ta dawo hayyacinta, ta shiga kame-kame.

"Ba komai, ba komai. Mutanen nata ne suka motsa, kun san ba sa son jini. Ku kawo garwashi a yi mata hayaƙi. Ke, koma ɗaki!"

"Ba aljanu ba ne, Gwaggo."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji.

"Rufe min baki!"

"Ki gafarce ni Gwaggo, yau kam sai na faɗa." Ta tako zuwa tsakiyar gidan, ta ɗaga robar sama. "Iyayena, ku dube ni da kyau. Ban taɓa yin aljanu ba. Ba wani ƙauye da aka kai ni. Asibiti na kwanta. Maganin tari nake sha, kodin, irin wanda ke cikin robar nan. Shi ya kashe min aure. Shi ya kayar da ni a gaban murhun can bara, 'yata na kallo."

Wata ta dafe ƙirji. Wata ta saki salati. Mai riƙe da matsami ta manta da kasko har nama ya fara ƙauri.

Gwaggo ta zauna daɓas a kan wani kifaffen turmi.

"Shi ke nan. Kin tona mana asiri. Gidan malamai guda, kin kwance mana zane a gaban dangi."

"Rufin asirin ne ya kusa kashe ni, Gwaggo. Da kowa ya san abin da ke damuna, wa zai bar wannan ta wuce zaure?"

Ta nuna Siddiƙa da robar.

Duk idanu suka koma can.

Siddiƙa ta ajiye faranti tana yaƙe.

"Ni? Lemo fa na kawo mata. Kun ga irin ciwon nata ko? Sambatu take."

"To zo ki sha a gabansu," in ji Jannatu. "Ko in zuba wa Hanan, tunda lemo ne?"

Siddiƙa ta kawar da kai.

"Ban sha ba, Gwaggo." Yanzu hawaye ke zuba, amma muryarta ba ta rawa. "Wallahi ina so. Yanzu haka da nake tsaye jikina roƙona yake. Na buɗe, na shinshina, na rufe. Na fito ne don in na zauna ni kaɗai zai fi ƙarfina. Ku taya ni gani da idonku."

Ta taka zuwa bakin rariya inda ruwan wankin nama ke gangarawa. Ta buɗe murfin. Hannunta ya tsaya a sama, har sai da wata ta ce "Ya Allah" a hankali.

Ta kifa robar.

Ya zubo da kauri, ya bi ruwan jini ya fice waje. Ta tsaya har ɗigon ƙarshe. Ta ɗebo ruwa a buta ta ɗauraye robar, ta sake zubarwa, sannan ta jefa ta cikin wutar murhu.

Ta juyo ta buɗe tafukan hannunta biyu.

"Shi ke nan. Ya tafi."

Gyaran murya aka yi daga bakin zaure.

Malam Kailani ne tsaye, carbi a hannu, babbar rigarsa ta Sallah a kafaɗa. Mata suka shiga gyara lulluɓi. Ba wanda ya san tun yaushe yake wurin.

Jannatu ta durƙusa a inda take.

"Baba, ka yafe min. Na faɗi abin da aka ce kar in faɗa."

Ya tako a hankali har gabanta. Tunda ta dawo gidan, gaisuwa kawai ke haɗa su, ko ita ma kansa a ƙasa yake amsawa. Yau sai ya tsaya yana kallonta sosai.

"Ɗago kanki."

Ta ɗago.

"Na ji komai. Ba ki da abin neman yafiya a yau." Ya juya wajen matan. "Abin da ta faɗa gaskiya ne. Ciwo ne ya same ta, ta yi jinya, kuma ga shi kun ga yadda take yaƙi da shi. Duk wadda za ta ba da labari a waje, ta ba da shi cikakke. Ta ce an kai mata har ɗaki, ta fito da shi ta zubar da hannunta."

Ya ɗora hannu a kanta.

"Na yanka rago jiya, amma sai yanzu na ji na yi Sallah. Allah Ya yi miki albarka, Jannatu. Allah Ya tabbatar da ke."

"Amin!" gidan ya ɗauka gaba ɗaya.

Kukan da ta daɗe tana riƙewa ya ƙwace mata. Dattijuwar nan ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa, har yaran maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar ko haihuwa aka yi.

Hanan ta zame daga bayan Gwaggo ta ruga ta faɗa jikin uwarta.

"Umma, kar ki yi kuka, zan ba ki hantata."

Dariya ta ɓarke cikin masu hawaye.

Gwaggo na kan turmi har yanzu. Ta daɗe tana kallon su biyun. Can ta fyace hanci da bakin zane ta ce,

"Malam, in an tashi aiken nama Gyallesu, a biya a ɗauko wa yarinyar nan kayanta. Suna cikin jakar da ke bayan ƙofa."

Jannatu ta ɗago da sauri.

"Gwaggo?"

"Kar ki dame ni. Ta yi hutun Sallar a nan, mu ga abin da Allah zai yi." Ta harare ta, idonta jajir. "Kuma ki tashi, naman can na ƙonewa."

Jannatu ta rarrafa ta rungume ƙafafunta. Gwaggo na ture ta tana cewa za ta shafa mata mai a zane, amma hannunta na kan bayanta.

Jannatu na miƙewa wata matar kawunta ta matso kamar za ta karɓi matsami, ta yi ƙasa da murya.

"Jannatu, asibitin nan... suna karɓar maza? Babban ɗana ne. Mu ma cewa muke iska ce."

Jannatu ta damƙe hannunta.

"Suna karɓa. Kafin ki tafi zan haɗa ki da wadda ta riƙe ni."

Sai a lokacin ta lura ciwon ƙasusuwan ya lafa. Hancinta ya bushe. Yunwa ma take ji.

Ta hango Siddiƙa na saɗaɗawa zuwa zaure, takalmi a hannu. Ta bar Hanan wajen Gwaggo ta bi Siddiƙa, ta cim mata a zauren ciki.

"Siddiƙa."

Ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Kin gama wulaƙanta ni, me kuma ya rage?"

"Ban biyo ki don faɗa ba. Na ga idonki ɗazu. Kin rame, hannunki har rawa yake. Duk ranar da kika gaji, ki zo ba jaka, ni zan raka ki da ƙafata. Amma in kika sake shigo min gida da wannan abin, Baba da kansa zai miƙa ki ga hukuma."

Siddiƙa ta juyo a hankali. Ta zare gilashin, ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, sai ta yi wani murmushi da ya sa gaban Jannatu faɗuwa.

"Malama Jannatu mai wa'azi. Kin ci Sallarki, na yarda. Amma kin zaci dominki na hau acaɓa cikin ranar nan?"

"Me kike nufi?"

"Ke ai kyauta na kawo miki, don tsohuwar zuma. Roba biyu na zo da su. Ɗayar tun a zauren nan mai ita ta karɓa, kafin in yi sallama."

"Ƙarya kike."

"Tun kina asibiti nake kawo kaya gidan nan, ƙawas. Kuma ta fi ki ƙarfin sha."

Ta saka takalminta ta fice.

Jannatu ta koma tsakar gida da gudu-gudu. Ta bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya. Kowa na nan, ana ta hira da dariya, an dawo kan aiki.

Taɓaryar Ishatu ce kawai yashe a ƙasa, yajin ko rabi ba a daka ba.

Ta nufi ɗakin ƙarshe. Ta tura ƙofar, ta ji ta gam, an sa sakata ta ciki.

Ta buga.

"Ishatu?"

Shiru.

Ta sake bugawa da tafin hannu.

"Ishatu, buɗe ƙofar nan!"

Can daga ciki muryar ta fito, a hankali, tana jan kowane harafi kamar harshen ya yi mata nauyi.

"Yaaya... ina... zuwa..."

Sai ƙarar faɗuwar wani abu mai nauyi a bayan ƙofar.